Babbar mota mai gas, injin da ciwo: in saya ko in haƙura?

Baban Iman:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema don kaina ya ɗaure. An yi mini tayin wata babbar mota ta hannu, mai taya shida, injin gas mai silinda shida da tabo (turbo, mai cusa wa inji iska), irin na zamanin nan mai kwamfuta. Bodinta garau, tayoyin da sauransu, giya tana shiga ba gardama. Kuɗin da mai ita ya sa ya yi ƙasa sosai da na sa'o'inta, kuma bai ɓoye mini dalili ba, ya ce injin yana da 'yar matsala. Da sanyin safiya sai an daɗe ana murza makulli kafin ta tashi, in ta tashi kuma sai ta yi ta aman farin hayaƙi har ta ɗau zafi. Sannan tana shan ruwa, amma ba a ganin inda yake zuba. Shi dai cewa ya yi nozul ne kawai, wato abin da ke fesa gas cikin silinda, da an canza shi ke nan. Kuɗina bai kai na mai lafiya ba, ga kuma aikin ɗaukar kaya da aka yi mini alkawari in har na samu mota. In saya in gyara, ko in haƙura?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, tambaya ɗaya zan yi maka. In da gaske nozul ne kawai, me ya hana shi ya canza abinsa ya sayar da motar da cikakken kuɗinta? Wanda ya san ciwon motarsa ƙarami ne ba ya karyar da ita haka. Sannan ka tambaye shi tun yaushe nozul ya fara shan ruwan lagireto.

Ɗan Autan Gareji:
Baba, a yi mana afuwa, amma ni dai cewa na yi Yaya ya saya. A babbar mota shasi ake saye, ba inji ba. Inji ana sauke shi a gyara, in ya ƙi a ɗora wani. Amma shasin da ya karye ko ya murɗe ko tsatsa ta cinye shi, har abada ba zai dawo daidai ba. Tunda ya ce komai lafiya sai inji, ai dama ce ta zo masa.

Tsohon Direba:
Bodi ya ce maka garau, bai ce shasi ba. Fenti ya gani.

Baban Iman:
Gaskiyar Baba, ban kwanta ƙarƙashinta ba tukuna.

Mai Sifana:
Malam Baban Iman, bari in ɗan tsawaita, don aikina ke nan. Abin da ka lissafa alamomi uku ne, kuma yana yiwuwa ciwo ɗaya ne ya haife su, yana yiwuwa ciwo biyu ne daban suka haɗu.

Injin gas ba shi da fulogin da zai ba da wuta kamar na fetur. Fistin ne yake matse iska har ta yi zafin da in aka fesa mata gas zai kama da kansa. Shi ya sa matsinsa ya fi na fetur nesa ba kusa ba, yawanci iskar ana matse ta ninki 15 zuwa 20, na fetur kuwa kusan 10. To duk abin da ya rage matsin nan, ko ringi ya ci, ko bawul ba ya zama, ko gasket ya ƙone, da safe za ka fara ganinsa, lokacin da ƙarfe yake da sanyi yana zuƙe zafin. Gas ɗin da bai kama ba shi ne yake fita fari ta salansa. Nozul da ya lalace yana ɗiga maimakon feshi shi ma yana kawo wannan. Hitar da ke ɗumama iska ta mutu, ita ma haka. Har nan maganar mai motar tana iya zama gaskiya.

Inda ta fara rawa shi ne ruwan. Ruwa ba ya ɓacewa haka kawai. In ba ya zuba ƙasa, to ko yana shiga silinda yana fita da hayaƙi, ko yana gangarawa cikin baƙin mai, ko matsi yana tura shi waje ta murfin lagireto lokacin da mota take tafiya ba wanda ya lura. Ƙofofin da yake bi kuma da yawa, wasu da sauƙi wasu sai an sauke inji. Akwai na'urar da take sanyaya hayaƙin EGR, wato hayaƙin da ake mayar da wani ɓangarensa cikin inji, in ta huje tana zuba ruwa kai tsaye cikin hanyar iska, canza ta kawai za a yi. Akwai kofin da nozul yake zama a ciki, a wasu injina ruwa ne yake kewaye da shi. Akwai gasket. Akwai tof silinda, wato murfin saman inji, da ya tsage. Akwai silif, wato hannun rigar ƙarfen da fistin yake kai-komo a ciki, da ya huje. Farin hayaƙin duk iri ɗaya ne a ido, amma kuɗin gyaran na farko da na ƙarshe ko kusa ba su haɗu ba.

Don haka ni ba zan ce ka saya ba, ba zan ce kada ka saya ba. Yanzu ba ka san abin da ake sayar maka ba.

Baban Iman:
Allah ya saka da alheri, Oga. To ni da ba bakanike ba, me zan iya dubawa da kaina kafin in ɗauko mai gyara?

Mai Sifana:
Da farko ka ce kana so ka gan ta da sassafe, kuma kada kowa ya tayar da ita kafin ka zo. Da ka isa ka ɗora hannu a kan injin. In ka ji ɗumi, ka yi sallama ka ce za ka dawo gobe. Ka leƙa cikin gidan direba da bayan kujera, in ka ga gwangwanin feshin nan da ake fesa wa inji don ya tashi, ka san ciwon ya daɗe, kuma feshin kansa yana karya ringi in aka mai da shi na kullum.

Kafin a murza makulli, buɗe murfin ruwa ka ga kalarsa, ka ga ko akwai mai yana yawo a sama. Zaro sandar awon baƙin mai: in ya yi fari-fari ya kumbura ya wuce layi, ruwa ya shiga, in ya tsinke yana warin gas, nozul yana zubarwa. In kuma man sabo ne fil, ko ya yi kauri fiye da kima, ka sa alamar tambaya, don ana zuba mai kauri a ɓoye ƙarar metal.

Sai a tayar. Tsaya gefen salansa ka shaƙi hayaƙin kaɗan. Na gas da bai ƙone ba yana yaji a ido, yana daɗewa a iska. Na ruwa tururi ne, yana watsewa da wuri, in akwai maganin sanyaya inji a ciki za ka ji wani ɗan ƙamshi mai zaƙi. Ka matsa babban tiyon lagireto na sama da hannunka. In cikin ɗan lokaci kaɗan, inji bai ko yi zafi ba, tiyon ya yi tauri, to hayaƙin silinda ne yake shiga ruwa. Bayan ta yi zafi ka kwance murfin zuba baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka ɗaure ba. In yana ɗan rawa kawai, ba komai, kowane injin gas yana numfashi. In yana tsalle yana neman faɗuwa, hayaƙi yana fita bul-bul-bul da bugu, ringi ko fistin ya tafi. Kada dai ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafi.

Hajiya Mai Motoci:
Sannunku. Ni ban san fistin ba, lissafi na sani, kuma motoci ne sana'ata. Ƙanina, ka ɗauki takarda ka rubuta kuɗin motar. Ƙarƙashinsa ka rubuta kuɗin gyara mafi muni da Oga ya lissafa, ba mafi sauƙi ba. Ƙarƙashinsa ka rubuta abin da za ka rasa a duk makonnin da za ta yi a gareji, don mota a tsaye ci take yi. Sai ka ƙara wani abu na abubuwan da ba a gani sai an buɗe, tunda ban taɓa ganin an buɗe inji an tsaya a kan lissafin farko ba. In jimillar ta kusa kuɗin mai lafiya, me ka ci?

Tambayoyina biyu. Kuɗin naka ne ko bashi? Aikin da aka yi maka alkawari kuma a rubuce yake, kuma zai jira ka?

Baban Iman:
Hajiya, mafi yawa nawa ne, sauran wani ɗan'uwa ne zai ranta mini. Aikin kuwa da baki ne, kuma gaskiya ba na jin zai jira ni fiye da wata guda.

Hajiya Mai Motoci:
To ka ga inda matsalar take. Bayan ka biya, da me za ka gyara? Wanda ya dace ya sayi mota mai ciwon inji shi ne mai wata motar da take aiki, ko mai garejin kansa, ko mai kuɗin gyara a ajiye daban. Kai kuwa ita ce ta farko, ita ce jarinka gaba ɗaya, ga agogo yana bin ka.

Ɗan Autan Gareji:
Hajiya, ai ba sai an tsaya gyara ba. A nemo inji na hannu a ɗora, cikin 'yan kwanaki ta hau titi.

Injiniya:
Auta, wannan maganar ta injinan da ce. Injin da yake da famfon gas na ƙarfe zalla, in ƙafafunsa sun zauna kuma ya haɗu da giyabos, ka ba shi gas da batir ya tashi. Wanda Baban Iman yake magana a kai ba haka yake ba. Kwamfutar injin tana magana da ta giya, da ta birki, da allon gaban direba, wasu har da makullin. Inji mai suna ɗaya yana iya zuwa da wayoyi daban da na'urori daban gwargwadon shekarar ƙira da dokar hayaƙin da aka ƙera shi a kanta. A yawancinsu kowane nozul yana da lambarsa da dole a shigar wa kwamfuta. Sannan injin da za ka ɗauko a ƙasa, wa ya ji kukansa? Ka gudu daga injin da ka san alamominsa ka faɗa wanda ba ka san komai a kansa ba. Ga kuma lambar inji da take cikin takardun mota, wadda a wurare da yawa sai an je an sauya ta a hukumance.

Game da "nozul ne kawai" ɗin nan kuma, ina so a daina faɗin "kawai". Tsarin nan na bututu ɗaya mai raba wa duk nozul gas, wanda kamfanin Denso ya fara sa wa manyan motocin Hino a 1995, na zamanin nan yana aiki da matsi daga bar 1,600 har sama da 2,000 (bar ɗaya kusan matsin iskar da muke ciki ne). Tazarar da ke tsakanin ƙarafan cikin nozul ɗin ta fi gashi siranta nesa. Ba irin wanda ake kwancewa a wanke a mayar ba ne. Mafi muni, in famfon matsin ne ya fara cin kansa, garin ƙarfe yana bin gas ya shiga bututun da nozul shida ɗin, ya koma tanki ta layin dawowa. A nan sai an canza kusan komai na layin gas an wanke tanki, in ba haka ba sababbin ma su mutu. Don haka ko maganar mai motar ta tabbata, a kwance filtar gas a duba ko akwai ƙyalƙyalin ƙarfe.

Tsohon Direba:
Kun ji ko? Shi ya sa nake cewa motocin yanzu ba na talaka ba ne. Mu da muka tuƙa masu OM352 na Marsandi, da sifana da sukundireba da kunnenka kake gyara mota a bakin hanya. Yanzu waya ɗaya ta tsinke sai mota ta ƙi wuce gudun keke, a ce sai an kira mai kwamfuta.

Injiniya:
Baba, da girmanka, amma waɗancan ɗin fa sun fi shan gas, ƙarfinsu bai kai ba, hayaƙinsu kuma kowa ya san shi. Kuma kwamfutar da kake zagi ita ce za ta taimaki Baban Iman yanzu. Tsohon inji ba ya ba ka labarin abin da aka yi masa. Wannan kuwa yana ajiye awannin da ya yi yana aiki, wasu har sau nawa ya yi zafi ya wuce kima. Mita ana juya ta baya, amma ba kowa ke tunawa da abin da ke cikin kwamfuta ba. Motar da ta yi rayuwarta tana tsaye inji yana aiki, kilomitarta kaɗan ce amma injin ya tsufa.

Tsohon Direba:
Ta ba da labari, na yarda. Gyaran fa?

Ɗan Autan Gareji:
Ai ana cire tarkacen nan, EGR da matatar hayaƙi da tankin AdBlue, ruwan nan da ake fesa wa hayaƙi don rage gubarsa, a gyara kwamfuta, mota ta huta.

Injiniya:
Ana yi, amma a ƙasashe da yawa laifi ne, Amurka da Tarayyar Turai duk sun hana, kuma in wanda ya taɓa kwamfutar bai iya ba yana iya ƙara wa inji gas har fistin ya narke. Abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne an ƙera na'urorin nan ne don gas mai ƙarancin sulfa, kashi 10 cikin miliyan a Turai, 15 a Amurka. In gas ɗin da motar ta sha a rayuwarta ya wuce haka sosai, sun sha wahala. Baban Iman, ka duba ko suna nan ko an riga an cire, don shi ma yana cikin lissafi.

Shugaban Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya. Muhawarar tsohon inji da sabo mun yi ta ba sau ɗaya ba, ba wanda ya sauya ra'ayi.

Dillali Adali:
Na ga an taru a kan mai motar kamar an kama shi da laifi. Ku yi mana adalci. Ba kowane mai sayar da mota mai ciwo ne macuci ba. Wani kuɗin gyaran ne ba shi da shi, wani ya gaji da sana'ar, wani gado ne ake so a raba. Kuma da yawa abin da bakanikensu ya gaya musu suke maimaitawa, su ma ba su sani ba. Mutumin nan tun farko ya ce akwai matsala, wani da wanke injin zai yi ya ɗumama shi ya yi shiru.

Ni ma'aunina ɗaya ne. Ka ce masa za ka kawo bakanikenka, ba nasa ba, ba kuma wanda dillali ya nuna maka ba, ko da ni ne. Kai za ka biya kuɗin gwajin. In ya ce bismillah, ku ci gaba. In ya fara cewa ba a taɓa masa mota sai an biya, ka gode masa.

Hajiya Mai Motoci:
Yau dai dillali ya faɗi gaskiya, a rubuta.

Dillali Adali:
Hajiya, kullum muna faɗa, ba a saurara ne.

Mai Sifana:
In ya yarda, ga abin da za ka ce bakaniken ya yi. A sa kwamfuta a karanta komai kafin a goge ko ɗaya. A gwada gas ɗin da kowane nozul yake mayarwa, nan za a ga wanda ya lalace. A yi gwajin ruwan nan mai launin shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, in hayaƙin silinda yana shiga ruwa launin yana juyawa kore ko rawaya. A auna matsin kowace silinda. Lambar da ta dace tana cikin littafin injin, amma abin da ya fi ba da labari shi ne bambancin da ke tsakaninsu. A ɗaura gejin mai na hannu a ga matsin baƙin mai bayan inji ya yi zafi sosai yana tsaye, kada a dogara da na allo. A yanka filtar baƙin mai a buɗe takardar a rana. A cire tiyon tabo a girgiza sandar, a duba ko mai ya taru a intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar tabo. Wannan na ƙarshen kada a raina shi. Injin gas yana iya shan baƙin mansa ya yi ta gudu, ka zare makulli bai san kana yi ba, sai an toshe masa iska ko ya fashe.

Wani abu da ake mantawa: kwamfuresar iskar birki a manyan motoci da yawa ruwa ne yake sanyaya kanta. In gasket ɗinta ya tafi tana hura iska cikin lagireto, ka rantse tof ne. An sha sauke tof a banza saboda ita.

Kuma don Allah ka kwanta ƙarƙashin motar da tocila. Ka duba wajen da sifirin yake kamawa da bayan gidan direba, ka nemi walda ko faci ko sabon fenti a wuri ɗaya. Ka ja zaren tankin iska ka ga me zai fito.

Baban Iman:
Salam jama'a, na dawo da rahoto. Mai motar ya yarda, bai yi gardama ba ko kaɗan. Mun same ta da sanyinta. Shasi lafiya, Auta ka ji daɗi, babu walda babu tsaga. Baƙin mai bai haɗu da ruwa ba, filta babu ƙyalƙyali, matsin mai da zafi bakanike ya ce ya gamsu. Murfin mai rawa kawai yake yi. Nozul biyu suna mayar da gas fiye da sauran.

Amma tiyon sama ya yi tauri tun inji bai yi zafi ba, ruwan gwajin kuma ya juya. An raba kwamfuresa da layin ruwa an sake, ya sake juyawa. Silinda ta biyar matsinta ya yi ƙasa da sauran a fili. Kwamfuta ta nuna injin ya taɓa yin zafi fiye da sau ɗaya. Ruwan lagireton kuma jajawur yake da tsatsa, ruwa ne zalla, sannan babu tamostat, an cire.

Ɗan Autan Gareji:
To ai gasket ne! Ƙasan inji lafiya, shasi lafiya. Yaya ka saya kafin wani ya riga ka.

Injiniya:
Ina ma a ce haka ne. Jan ruwan nan ne ya tsaya mini. In injin mai jiƙaƙƙen silif ne, wato ruwa yana taɓa bayan silif ɗin kai tsaye, duk bugun da fistin ya yi silif yana girgiza, ƙananan kumfa suna tashi suna fashewa a jikinsa suna ƙwaƙular ƙarfen kaɗan-kaɗan. Maganin da ke cikin ruwan sanyaya inji shi yake rufe ƙarfen ya kare shi. Inji ya daɗe da ruwa zalla, sai ka zaro silif ka ga bayansa duk ramuka, wani ya huda har ciki. Kuma ba ɗaya kaɗai yake ci ba, na biyar ɗin ne dai ya riga sauran. Cire tamostat ɗin kuma yana nuna an daɗe ana fama da zafi, aka bi alamar aka bar ciwon.

Zai iya zama gasket ɗin. Amma gasket ba ya ƙonewa ba dalili: ko tof ya lanƙwashe, ko silif ya nutse ƙasa da inda ya kamata ya tsaya. In aka sa sabo ba a auna waɗannan ba, zai sake ƙonewa da kaya a bayanka.

Mai Sifana:
Na yarda da Injiniya, sai dai ni ban tsorata kamar shi ba. Abin da yake kashe inji gaba ɗaya shi ne kiransha da bulok, kuma alamun da ka kawo sun nuna ƙasa da rai. In mai jiƙaƙƙen silif ne ma, ta wani ɓangaren alheri ne: ana canza silif da fistin da ringi da metal inji yana kan mota, ba sai an kai bulok wajen masu gundura ba. Aiki ne sananne, in an yi shi da kaya masu kyau inji yana komawa kusan sabo. Amma ka ji abin da na lissafa, ka ƙara aikin tof, da nozul, da lagireto da za a wanke ko a canza. Wannan ba ƙaramin gyara ba ne, cikakken aikin inji ne. Da wannan kuɗin za ka yi ciniki.

Akwai sauran gwaji biyu da ba sai an buɗe tof ba. A cire nozul na biyar a zura 'yar kyamara, in kan fistin ya yi fes kamar an wanke shi alhali sauran baƙi ne, ruwa yana shiga nan. A kuma sauke kaskon mai, a matsa wa lagireto iska a bar shi, a ga ko ruwa zai ɗigo ta gindin silif.

Tsohon Direba:
Duk wannan wahalar a kan motar da ba taka ba. Ɗana, cinikin biri a sama ne wannan. Motoci ba su ƙare ba.

Dillali Adali:
Baba, ai yanzu ya sauko rabi. Malam, ga yadda ake yi. Ku rubuta yarjejeniya da shaidu: a buɗe tof da kuɗinka, in gasket ne kaɗai ka saya a kuɗi kaza, in an samu tsaga ko silif ka saya a kuɗi kaza ko ka fasa. Ku rubuta wanda zai biya kuɗin mayarwa in an fasa, don a nan ake faɗa.

Hajiya Mai Motoci:
Yarjejeniyar ta yi, amma ba ta amsa tambayata ba. A ce ma ya rage kuɗin har inda kake so. Wata gudan da ka ce aikin zai jira ka, a cikinsa za a nemo kaya, a kai tof a dawo da shi, a haɗa, sannan sabon haɗi ba a ɗora masa cikakken lodi rana ɗaya. Ka cire aikin nan daga lissafinka gaba ɗaya. In ba shi, har yanzu kana son motar? In don aikin ne, ka yi hayar mota ka fara da ita, kuɗinka yana hannunka.

Baban Iman:
Hajiya, maganar hayar nan ba ta zo mini ba sai da kika faɗa, kuma na fara tambaya. Na koma wajen mai motar da rahoton bakanike. Ya yarda da kyamara da sauke kasko, amma ya ce ba za a buɗe masa tof ba, don in na fasa shi za a bari da inji a warwatse. Ban ga laifinsa ba. Sai na yi masa tayi a kan cewa injin cikakken aiki yake so, kamar yadda Oga ya ce. Ya ce na karya ta da yawa, kuma akwai wani da zai zo ganinta. Na ce ba komai, lambata tana wurinsa.

Tsohon Direba:
Wannan "wanin" tun muna yaran mota yake kan hanya, har yau bai iso ba.

Mai Sifana:
In ya kira ka kuka daidaita, abu ɗaya: kada ka tuƙa ta zuwa gareji, a ja ta ko a ɗauke ta, kuma a kwance farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, kafin a ja don kada giyabos ya ƙone. Kafin nan ma ka gaya masa ya daina tayar da ita yana nuna wa mutane. Ruwan da yake taruwa a silinda ta biyar cikin dare ba ya matsuwa, ranar da ya yi yawa aka murza makulli konrod, sandar da ke riƙe da fistin, zai lanƙwashe, kuma tayin da ka yi masa bai haɗa da wannan ba.